NA'URA TA IYA RUBUTU, AMMA BA TA YI GUDUN MUBI BA

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi Araba da Alaba Rago a Ikko, da na Sabon Badun da Sabon Shagamu, da masu neman abinci a Anacha da Fatakwal, yau za mu taɓo wata magana wadda wani zai ce ba ta shafe shi ba, tun da yake shi ba marubuci ba ne. To, amma duk mai littafin Hausa a cikin wayarsa, ko wanda iyalinsa ke karantawa bayan an sauke tukunya, ko wanda ke sauraron ana karanta shi a rediyo yana bakin aikin gadi da dare, wannan magana tasa ce. Maganar kuwa ita ce ta sabuwar na'urar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da AI, da kuma yadda ta fara sa hannu cikin aikin masu rubuta littattafan ƙagaggun labarai.

Abin da ya jawo mu ga wannan batu shi ne wata tafiya da muka yi zuwa Duvu, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa. A can muka iske wata ƙanwarmu, malamar makarantar firamare, ta fi shekara biyu tana fama da wani littafi da take rubutawa a cikin wayarta. Labarin wata yarinya ne wadda ta rabu da mahaifiyarta ranar gudu. Mutumin Mubi ba ya bukatar a gaya masa wace rana ake nufi. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 ne 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, gari na biyu a girma a jihar, suka sauya masa suna zuwa Madinatul Islam, sai a tsakiyar watan Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato shi. A cikin waɗannan kwanaki mutane suka watse, waɗansu suka nufi Yola da ƙafa, waɗansu suka haura duwatsu suka faɗa Kamaru. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun kwana suna buga waya gida a lokacin, ba a ɗauka.

Da ta zo kan babin gudun sai rubutu ya cije mata, domin lokacin da abin ya faru tana makarantar kwana a wani gari, ba ta gani da idonta ba. Wata abokiyar aikinta ta nuna mata ɗaya daga cikin na'urorin nan. Ta rubuta abin da take so, kafin ta ajiye wayar an ba ta babi guda cif, da Hausa sumul, ba tuntuɓe. Murna ta kama ta, ta tafi ta karanta wa goggonta, wadda ita ta yi gudun da jikoki biyu. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "'Yata, waɗannan mutanen naki ba gudu suke yi ba, yawon sallah suke yi." Ba wanda ƙafarsa ta kumbura a cikin labarin, ba wadda ta bar tukunya a kan murhu, ba wanda ya tsaya kwance awaki don kada su mutu a ɗaure, ba wanda ya roƙi ruwa a gidan da bai san yaren masu shi ba. Sai dai a zauna a gindin itace a yi ta dogon jawabi a kan haƙuri da fata nagari.

Ta share babin. Ta yi dare uku tana zaune gaban goggonta tana tambaya tana rubutawa. Amma kuma ba ta jefar da na'urar ba. Ita take sa wa ta jera mata sunayen mutanen littafin da shekarunsu, ita ta gano mata inda ta ce yaro shekararsa 7 a babi na biyu alhali ya koma 5 a babi na tara, ita kuma ta taimaka mata ta rubuta wasiƙar Turanci zuwa ga wani kamfanin ɗab'i. Mu dai a namu ganin, abin da wannan malama ta yi shi ne daidai, kuma shi ne muke so mu yi bayaninsa.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Ya kamata a fara sanin ko mene ne wannan abu, domin jahiltarsa ita ke sa waɗansu su ɗauke shi aljani, waɗansu kuma su ɗauke shi shaihin malami. Ranar 30 ga Nuwamba 1922 ba a san shi ba, ranar 30 ga Nuwamba 2022 kuwa, watau shekara ɗari bayan haka, kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar da ChatGPT ga kowa da kowa, daga nan sauran kamfanoni suka biyo baya da nasu, irin su Gemini da Claude, har aka sa wani a cikin WhatsApp. Yadda ake yin su shi ne a tara rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, littattafai da jaridu da abin da ke cikin intanet, a ɗura wa manyan kwamfutoci, su yi ta lissafin wace kalma ce ta saba bin wace. In ka ba ta farkon magana, sai ta kawo kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, sa'an nan ta gaba, har a cika shafi. Ba ta taɓa jin yunwa ba, ba ta taɓa binne ɗa ba, ba ta taɓa hawa bayan tirelar shanu daga Mubi zuwa Ikko ba. Abin da mutane suka riga suka rubuta shi take juyawa. Don haka ne a 2021 waɗansu masana, cikinsu har da Emily Bender da Timnit Gebru haifaffiyar Habasha, suka kamanta irin waɗannan na'urori da aku.

Daga nan ake gane laifinta guda biyu. Na farko, in ba ta san abu ba, sau da yawa ba ta yin shiru, sai ta ƙaga, ta kuma faɗa da ƙarfin hali kamar mai rantsuwa. Tana iya ba ka sunan sarkin da ba a taɓa naɗawa ba, ko karin maganar da ba Bahaushen da ya taɓa furtawa. Na biyu, abincin da ta fi ci Turanci ne. Hausar da ke cikin intanet kaɗan ce ƙwarai in an gwada da Turanci, kuma mai yawa daga cikinta labaran gidajen rediyo ne da jaridu da fassara. Saboda haka in ta rubuta hira tsakanin uwa da 'ya, sai ka ji kamar ana karanta labaran duniya na ƙarfe takwas. Za ka ga 'ya ta kira sunan mahaifinta gatsau, ko matar aure ta ambaci sunan mijinta na fari a gaban surukai, ko uwa ta kira ɗan farinta da sunansa, abin da ɗan shekara goma ya san akwai kunya a ciki. Ga kuma matsalar rubutunmu na boko wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Mai harshe ya san wanda ake nufi tun kafin a ƙare jimla, na'ura kuwa takan yi tuntuɓe.

In haka lamarin yake ga Hausa, wadda Google ya sa cikin na'urarsa ta fassara tun watan Disamba na 2013, to ina ga Gude da Fali da Margi da Kilba da Higgi, harsunan da ake ji a kasuwar Mubi tare da Fulatanci? Marubucin ƙasar Mubi da Hausa yake rubutu, amma mutanen labarinsa da harshe biyu ko uku suke rayuwa, kuma Hausarsu tana da nata ɗanɗano wanda ya bambanta da na Kano ko Sakkwato. In ya miƙa wa na'ura alƙalami, abin da za ta fara gogewa ke nan.

ARO BA SABON ABU BA NE

Kada wani ya ɗauka muna cewa marubuci na gaskiya shi ne wanda bai taɓa neman taimako ba. Tarihin adabinmu bai goyi bayan haka ba. Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun samo asali ne daga gasar da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Ka ga tun ranar farko akwai littafin da hannu biyu suka rubuta, kuma an sa sunayen duka biyun a bango.

Magana Jari Ce ma, wanda aka buga kashi uku daga 1937 zuwa 1939, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa an tara wa Imam littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, irin su Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamusawa, ya karanta ya ɗebo. Amma me ya yi da abin da ya ɗebo? Ya tuɓe musu rigunansu ya sa musu namu, ya zaunar da su a fada da kasuwa da bakin rijiya, ya sa musu baki irin na mutanen da ya sani a Katsina da Kagara da Zariya, har yaro ya karanta bai san labarin ya taɓa ƙetare teku ba. Abin dariya ma, aku ne mai ba da labari a littafin. Sai dai a bayan wancan akun akwai Imam. Abin tambaya a yau shi ne, wa ke bayan wannan sabon akun?

'Yan'uwanmu dattawa da suka daɗe a Kurmi sun fi kowa sanin amsar, domin sun yi zamani da masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya. Mutum ya zo ya tsuguna, ya faɗi abin da ke ransa, akawu ya rubuta, a biya shi, a sa kan sarki. Wasiƙar ta mai faɗa ce ko da yake hannun wani ne ya rubuta. Amma da a ce mutum zai zo ya ce wa akawu, rubuta wa uwata duk abin da ka ga dama, ya juya ya tafi, ai kowa ya san abin da zai isa gida ba saƙon ɗanta ba ne, kuma tsohuwa za ta gane tun daga layi na biyu. Matsayin wannan na'ura ke nan. Akawu ce mai saurin hannu, ba ta gajiya, ba ta ƙosawa da tambaya. Mai saƙo kuwa dole ya zo da saƙonsa.

ABIN DA YA FARU A WAƊANSU ƘASASHE

Waɗanda suka riga mu shiga wannan ruwa sun ga zurfinsa. A watan Fabrairu na 2023 wata mujallar ƙagaggun labarai ta Amurka mai suna Clarkesworld ta rufe karɓar labarai na ɗan lokaci, domin a cikin wannan wata kaɗai an turo mata labarai fiye da 500 waɗanda na'ura ta rubuta, masu neman kuɗin banza suka sa sunayensu. A watan Satumba na wannan shekara ta 2023 kamfanin Amazon ya ƙayyade wa masu buga littafi da kansu cewa kada mutum ya wuce littafi 3 a rana guda, ya kuma ce dole a sanar da shi in na'ura ce ta rubuta. Jama'a, littafi uku a rana, kuma wai ragewa aka yi! Marubutan fina-finan Amurka ma sun yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, kuma cikin abin da suka samu har da sharaɗin cewa ba za a lissafa na'ura a matsayin marubuci ba, ba kuwa za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba.

A wani gefen kuma, a watan Janairu na 2024 wata marubuciyar Japan, Rie Kudan, ta ci kyautar Akutagawa, wadda tana cikin manyan kyaututtukan adabi na ƙasarsu, ta kuma fito fili ta ce kimanin kashi 5 cikin 100 na littafin daga ChatGPT ta ɗauko. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma ba a karɓe kyautar ba. Dalili kuwa, a cikin labarin nata akwai na'ura mai magana, ta kuma yi bayanin cewa a wurin da na'urar ke ba da amsa ne ta yi amfani da ita. Ta san abin da take yi, kuma ba ta ɓoye ba. Tsakaninta da masu turo labarai 500 akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Sai maganar haƙƙi. Littattafan da aka ɗura wa waɗannan na'urori mutane ne suka rubuta su da guminsu, kuma da yawa ba a nemi izninsu ba. A watan Satumba na 2023 ƙungiyar marubutan Amurka tare da mashahurai irin su John Grisham da George R. R. Martin suka kai OpenAI ƙara. A watan Satumba na 2025 kuma kamfanin Anthropic ya yarda ya biya dala miliyan 1,500 don sasanta ƙarar da marubuta suka kai shi a kan littattafan da aka kwaso daga rumbunan sata na intanet, watau kimanin dala 3,000 a kan kowane littafi. Kotunan Amurka kuma sun yanke cewa abin da na'ura ta yi ita kaɗai, ba hannun ɗan Adam, ba shi da haƙƙin mallaka. Marubucin da ya bar wa na'ura dukan aikin, ya sani yana iya wayar gari da littafin da ba zai iya cewa nasa ba ne a gaban alƙali.

INDA TAKE ƘASA TANA DABO

Me ya sa muka damu? Domin mun san yadda kasuwar littafin Hausa take. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, da Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, da Budurwar Zuciya da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da littattafan Bilkisu Funtuwa, mutanenmu da kansu suka riƙe wannan sana'a, ba tallafin gwamnati, ba na kamfanonin waje. Aka yi musu ba'a da sunan adabin kasuwar Kano, amma su ne suka koya wa dubban matan aure karatun boko a cikin ɗakunansu, su ne suka fito da maganar auren dole da zaman kishi da sakin wulaƙanci fili. Alhaki Kwikwiyo har ya kai ga an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012.

Da takarda ta yi tsada, sana'ar ta koma cikin waya. Yanzu marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, mai son ci gaba ya tura 'yan kuɗi ta banki a sa shi cikin masu karɓa. Ribar ba ta da yawa, ga masu satar littafi suna rabawa kyauta, ga masu karatu suna matsa wa marubuciya lamba kullum sai ta saki sabon shafi. A irin wannan hali, wa zai ga laifin wadda ta ji an ce ga na'ura mai rubuta babi cikin minti ɗaya ta ce bari ta gwada? Amma a duba ƙarshen abin. In mai wata shida tana rubuta littafi guda za ta yi takara da mai fitar da goma a wata, kasuwa za ta cika da dusa, farashi ya faɗi, mai karatu ya gaji ya daina saye gaba ɗaya, mai gaskiya ta ajiye alƙalami ta koma sayar da turare. Daga baya kuma wannan dusar ita za a kwashe a sake ɗura wa na'urorin gobe a matsayin Hausa, 'ya'yanmu su koya daga gare su. Kowa ya san abin da ke faruwa ga rijiyar da ake mayar wa ruwan wanki.

Akwai kuma asarar da ta fi ta kuɗi. Abin da ya sami Mubi da Michika da Madagali da Gwoza da Bama bai gama shiga takarda ba. Waɗanda suka gani da idonsu suna tsufa, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya. Ba banza ba ne labarin da ya fara cin gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC a 2016, watau Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Jama'a na da ƙishirwar a faɗi abin da ya same su. In matasan da ya kamata su zauna gaban tsofaffi su tambaya suka koma tambayar waya, za a sami littattafai da yawa a kan gudun, amma ba za a sami gudun a cikinsu ba.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Ba mu ce a hana ba. Mun ga yadda aka ƙona littattafai a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya, aka kuma matsa wa marubuta da rajista, rubutu bai tsaya ba, sai ma ya ƙaura inda hannun hukuma ba ya kaiwa. Abin da ke cikin aljihun kowa ba a hana shi da sanarwa. Gyara ake yi, kuma ga inda muke ganin za a fara.

Na farko, ga marubuta. Ku sa na'ura aikin yaron shago: jera babi, kama tufka da warwara a sunaye da shekaru, gyaran ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, mayar da magana rubutu ga wadda hannunta ke cikin aiki, taƙaita labari don talla, da rubuta wasiƙa. Kuna iya yin muhawara da ita in labari ya cije, kamar yadda ake yi da aboki. Amma jigo da mutanen labari da maganar bakinsu, waɗannan naku ne. Duk abin da ta gaya muku na tarihi ko addini ko magani ko shari'a, kada ku sa a littafi sai kun tambayi masani, balle aya ko hadisi. Kuma ku yi hattara da zuba mata littafin da ba ku fitar ba, ko sirrin wanda ya ba ku labarinsa bisa amana, sai kun karanta sharuɗɗan kamfanin kun san inda rubutun zai kwana.

Na biyu, a faɗi gaskiya. Wanda na'ura ta rubuta masa wani sashe, ya rubuta haka a farkon littafi, layi ɗaya ya isa. Mai sayar da madara in ya ƙara ruwa ya yi shiru, sunansa macuci, ko da madarar ta yi daɗi. Wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin sanin abin da ya saya.

Na uku, ga Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, da rassanta na Arewa, da sauran ƙungiyoyin marubutan Hausa, da duk masu shirya gasa. Ku zauna ku fitar da ƙa'ida a rubuce da Hausa, wadda ta bambance taimako da maguɗi, tun kafin rigima ta tashi a kan wata kyauta. Kada kuma a dogara da na'urorin da ake cewa suna gano rubutun na'ura, domin suna kuskure ko a Turanci, kada a je a ɓata sunan mai gaskiya. A kira marubuci a yi hira da shi a kan littafinsa. Wadda ta haifi ɗa ta san inda tabonsa yake.

Na huɗu, ga gwamnati. An sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris na 2023, kuma a watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, na'urar harshe ta gida wadda aka yi don Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin Nijeriya. Wannan abin yabo ne, haka ma ƙoƙarin matasan masana na ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP. Amma na'ura ba za ta iya Hausa mai kyau ba sai ta ci littattafan Hausa masu kyau, su kuwa suna da masu su. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta tabbatar an nemi izni an kuma biya. Kada a ce marubucin Amurka ya karɓi dala 3,000, marubuciyar Fagge ko Funtuwa ko Mubi kuwa ko sannu ba a ce mata ba.

Na biyar, ga Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, waɗanda duka biyu a Mubi suke. Ku tura ɗalibai ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, su ɗauki tatsuniyoyi da tarihin baka da labarin 2014 daga bakin masu shi, da harsunansu, da yardarsu, a rubuta a adana. Wannan aiki ba ya jiran kuɗi daga waje, kuma ba zai jira shekara ashirin ba.

Daga ƙarshe, gare ku 'yan'uwa mazauna Kurmi. Ku ne kuke da babban rabo a wannan magana, domin littafin Hausa a hannun baƙo guzurin gida ne. Yaron da aka haifa a Agege, wanda Yarabanci da Turancin buroka suka fi Hausa sauƙi a bakinsa, daga irin waɗannan littattafai da fina-finai yake sanin yadda ake gaida suruki da yadda ake zaman makoki. In abin da ya isa hannunsa Hausar fassara ce, ita zai ɗauka ta kakanninsa. Saboda haka in kun sami marubucin da kuka ji ƙamshin gida a rubutunsa, ku biya shi kuɗinsa, kada ku karɓi na sata, kada ku tura wa wani kyauta. In kun ji littafi ba gishiri, ku tambayi mai shi wa ya rubuta. Kuma ku kanku kuna da labari: na mai tura baro a Mile 12, da mai canji, da mai yankan farce, da wanda ya yi kwana uku a bayan tirela tare da shanu. Ba na'urar da ta san wannan sai ku. Ku faɗa wa 'ya'yanku masu ilmi su rubuta.

Da za mu baro Duvu mun tambayi malamar yaushe littafin zai fito. Ta ce sai ta koma wurin wani dattijo da ya yi wata biyu a Kamaru, domin akwai abin da goggo ta manta. Muka ce Allah Ya taimaka. Ba ma ƙosawa, domin tuwon da aka daɗe ana tuƙawa ba ya gudaji.

Allah Ya ba marubutanmu basira da riƙon amana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowane baƙo gida cikin alheri, amin.